Ranar da Baba Ya Ce Allurar Masu Ciki Tasa Ce

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Hamani masunci, amma tsofaffin bakin kogin Gaya ba su daina yi mini dariya a kansa ba.

Kafin ni, Inna ta haifi bakwaini biyu, duka ba su zauna ba. Da ta samu cikina, zamanin mulkin soja, ungozomar asibiti ta rubuta mata wata allurar riƙe ciki har ya kai watanninsa. Babu ita a Gaya, sai a kantin magani na Malanbil, garin da ke ƙetaren gadar kan iyaka. Baba, wanda kunya ba ta barinsa ya furta kalmar ciki ko a gaban ƙanensa, ya karɓi takarda ya tafi.

Da zai dawo, wani soja ya tare shi a bakin gada, ya zazzage aljihunsa, sai ga ƴan kwalabe.

"Tsoho, wannan na wane ne?"

Jama'a sun yi layi a baya, har da surukinsa. Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Nawa ne."

Sojan ya karanta takardar cikin kwalin, ya dubi tumbin Baba. "To, wata nawa ke nan?"

"Ranka ya daɗe, ban ƙirga ba."

Dariya ta sa sojan ya jingina da bindigarsa. Ya mayar masa da kwalaben ya ce a ba mai juna biyu hanya. Daga nan duk lokacin da allura ta ƙare, haka Baba yake komawa, sojoji suna yi masa sannu da nauyi. Bai taɓa aika wani a madadinsa ba.

Ko allurar ce ko kuwa ina da kwana a gaba ne, Allah ya sani, na dai cika wata tara.

Yau ƴata tana da ciki, ƙwaya likita ya ba ta maimakon allura. Mijinta ne ke raka ta awo, har yana nuna wa abokai hoton jaririn a salula. Da Baba ya ga wannan, ina jin kwalekwale zai shiga, sai dai a nemo shi a Najeriya.

Bai bar mana komai ba sai taru da wannan labari, wanda ma ba daga bakinsa na ji ba. Bara na tambayi Inna ko ya taɓa ce mata yana sonta.

Ta ce, "Wa? Ko sunana bai taɓa kira ba. Amma kai dai ka zo duniya da farcenka cikakke, ba kamar yayyenka ba."