Gurbin Baba a Shafin Ƙungiya

Shekarar da na dawo gida daga Kano da takardar karatun kwamfuta, ƙungiyar manoman gyaɗa ta ƙauyenmu ta ce in yi mata shafin intanet, don dillalan Dawanau su riƙa ganin kayanmu ba sai sun tako ba. Babana ne ya kafa ƙungiyar tun ina goye. Amma a lokacin da na dawo, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, harshensa ya yi nauyi, shugabanci ya koma hannun ƙaninsa, wato Baffana. Abu ɗaya na ƙudurta a raina: duk wanda ya buɗe shafin nan, fuskar Baba zai fara gani.

Manhajar da na yi aikin da ita hali biyu gare ta. In ka bar mata tsari, ita ke jera komai. Kowane hoto da gurbinsa, girmansu ɗaya, bayaninsa manne a ƙasansa, in an buɗe a waya kuma ta sauko da su ɗaya bayan ɗaya. In ka cire kullen tsarin kuwa, sai ka ja kowane abu ka ajiye inda ka ga dama, ka ƙara masa girma ko ka rage, amma daga nan ba ruwanta da kai. Na bar mata tsarin. Na jera dattawa yadda suke zama a zaure, babba kafin ƙarami, Baba a farko, Baffa na huɗu. Daga ƙasa sai kayan sayarwa: gyaɗa, gero, wake, da ragunan da matan ƙungiya ke kiwatawa.

Ranar da na kai kwamfutar ƙofar sito don dattawa su gani, Baffa ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ke, ya na gan ni a layi kamar mai jiran taki?"

Na ce, "Baffa, girma na bi. Sauran kuma tsarin manhajar ne."

"Girma? Wanda ke kwance sai an juya shi, shi zai tsaya mana a ƙofar ƙungiya?" Ya waiwayi mutane. "Ku ji fa. An kai yarinya birni ta koyo yadda inji zai riƙa juya ta."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ni kam zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Zancen injin bai dame ni ba. Mutumin da ya rene shi, ya yi masa aure, shi ya kira na kwance a gaban jama'a. Ba a mayar wa baffa magana a gidanmu, don haka na haɗiye, amma na tsane shi a wannan rana, kuma ba zan ɓoye ba.

Ya ce in cire kullen, shi zai tsara da hannunsa. Akwai hanyar tsakiya, na kuma san ta sarai: a bar wa manhaja jerinta, a ware wa shugaba wani gurbi nasa daban. Aikin minti goma ne. Ban faɗa ba. Na durƙusa na ce, "To, Baffa." Na cire kullen, na nuna masa yadda ake ja da yatsa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Yini biyu ya yi a cikin sito yana ja yana ajiyewa. Ya hura hotonsa mai babbar riga har ya cinye rabin shafin. Ya ƙanƙance Baba ya tura shi can gefen dama. Ya jawo raguna sama kusa da shi, saboda biyu daga ciki na gidansa ne. A faffaɗan allon kwamfuta abin ya yi kyau, gaskiyar Allah. Shi kuma ƙaramar waya mai maɓallai yake riƙewa, bai taɓa tunanin cewa dillalai ba da kwamfuta suke yawo ba.

Ina fita na buɗe a wayata. Abin ya wuce yadda na yi fata. Hotunan raguna sun shige bayan rigarsa, bayaninsu kuwa ya zauna daram a ƙarƙashin gemunsa: an yi masa kiwo wata biyar, ya yi ƙiba, farashi sai an zo. Duk abin da ya tura dama ya faɗa wajen allo, ba a ganinsa. Na lura Baba na cikin waɗanda suka ɓace. Na ce wa kaina ai kwana biyu ne. Da Baffa ya ce in baza shafin ga jama'a, babu lambar da na tsallake.

Ranar kasuwar Ɗambatta aka fara. Wani dillali ya kira Baffa ya tambaya ko ana ragi in mutum zai ɗauka da rigar. A kara, wajen sayar da dabbobi, masu shanu suka riƙa leƙa bakinsa wai suna duba haƙora. Kafin la'asar labari ya riga shi gida, mata na surfe suna dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na ci tuwo na ƙara. Ban taɓa jin daɗin wani abu irin wannan ba, Allah Ya yafe mini.

Kwana na shida ya yi sallama a ƙofarmu, murya ƙasa-ƙasa.

"'Yar nan, ki taimaka ki mayar da abin nan yadda yake."

Na ce, "Wallahi Baffa, sabis ne babu kwana biyun nan." Sabis kuwa cike yake. Na ƙara masa kwana uku.

A rana ta tara wani tsohon abokin Baba ya zo dubiya, ya ba shi labarin yana dariya. Bayan ya tafi, Baba ya miƙo mini hannunsa mai lafiya. Na gane wayar yake so, na buɗe na ba shi. Na zaci shi ma zai yi dariya. Ya wuce hoton Baffa ko kallo bai yi ba. Ya ja da babban yatsa a hankali har ƙasa, ya dawo sama, ya sake sauka. Sai a nan na gane kansa yake nema.

Na ce, "Baba, kana nan, gefe ka shiga. Yanzu zan gyara."

Na karɓi wayar, a gabansa na mayar da kullen. Nan take komai ya koma gurbinsa, fuskarsa ta fito a farko. Na juya masa wayar. Bai karɓa ba. Ya daɗe yana haɗa kalmomin kafin su fito.

"Tun yaushe... kika sani?"

"Tun ranar farko, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki wayar daga hannuna, ya kife ta a kan tabarma, ya juya fuskarsa bango.