Kambun da Na Ɓoye Ranar Baftisma

Malam Edita, tsufa ya kama ni, shi ya sa nake so in sauke wannan kaya a shafinka tun ina da sauran numfashi. A zamanin da hakimi da alƙali ke riƙe da ƙasar Kazaure, ni saurayi ne Bamaguje a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni, kuma ɗan tauri ne mai ji da kansa. Na sha maganin ƙarfe tun gemu bai fito ba, ina da kambu a damtse, ina da takena a wurin makaɗa. In aka buga shi, ko tuwo nake ci sai na ture akushi. Zuciya kuwa ta fi mini hankali yawa.

Da bishara ta iso garinmu, ni da ƙanena muka karɓa tare. Shi mutum ne mai sanyi, ya ma riga ni aure. Dattijon da ke mana wa'azi ya ce kafin baftisma kowa ya kawo layu da guraye a ƙone, don wanda ya dogara ga Yesu ba ya ajiye wani abin dogaro a gefe. Na tara nawa tuli guda aka cinna wuta, jama'a na waƙa, amma kambun taurin na cusa shi a jinkar rumbu. Na ce wa raina Yesu na lahira ne, dajin farauta kuwa wani abu ne daban. Dattijon ya ja ni gefe ya gargaɗe ni, duk ranar da na ji takena in juya in nufi gida. Na ce to, da baki kawai.

Rani na yi aka kira farauta a dajin da ke tsakaninmu da Gwiwa. Na ɗaura kambuna a ƙarƙashin riga, ƙanena ya biyo ni. Al'ada ita ce wanda ya fara jifan nama shi ke da shi, amma a daji mai ƙarfi ke fassara al'ada. Na jefi wata barewa da gora ta faɗi, sai wani ƙato daga can ɓangaren ya saɓa ta, wai karensa ne ya kayar. Muka fara cacar baki, makaɗi kuwa ya ga abin nema, ya saki takena. Wallahi na tuna maganar dattijon sarai, na take ta. Na zare adda. Aka kaure da sanduna, kawuna suka fashe, wani ya faɗi yana aman jini, karnuka na haushi. Ƙaton ya sare ni a damtse, daidai kan kambun, fatar ta tsinke, naman ya buɗe har ina ganin fari. Maimakon in farka sai na haukace. Na doke shi ya durƙusa, na ɗaga adda da nufin raba kansa biyu, na sauke da dukan ƙarfina. Abin da addar ta samu hannun ƙanena ne. Ya shiga tsakani ba sanda ba komai, ya tare da hannun dama.

Ban manta yadda hannun ya rataya da 'yar fata ba, jini na tsartuwa a fuskata. Mutumin da na so kashewa shi ya yage rigarsa ya ɗaure dungulmin, muka ɗora ƙanena a jaki zuwa asibitin mishan. Dogarai suka tafi da ni, alƙali ya ɗaure ni, ya kuma faɗa mini da saran ya sauka inda na nufa, da kaina zan biya.

Da na fito na iske ƙanena a gindin rumbu, matarsa na ba shi fura a baki. Na durƙusa ina kuka, na tambaye shi me ya kai shi gaban adda alhali ba shi da maganin ƙarfe. Ya ce ai ya san ƙarfe zai ci shi. Ya ce tun ranar baftisma ya ga inda na cusa kambun, ya yi shiru don ni yayansa ne, kullum yana roƙon Ubangiji kada in mutu da jinin mutum a wuyana, shi ya sa ya biyo ni dajin. Bai taɓa yi mini gori ba har ya koma ga Mai Cetonsa. Ni na noma masa gonarsa duk tsawon ransa, kuma ban biya ba.

'Yan'uwa masu bi, na koyi cewa rabin biyayya rashin biyayya ne. In akwai abin da kuka ɓoye kuna cewa na ko-ta-kwana ne, ku fito da shi yau. Ni na ɗauka in abin ya ɓaci jikina ne zai ji. Ashe hannun ƙanena ne, wanda ya ƙone nasa duka.