Ranar da Harshena Ya Tona Mini Asiri

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da siton nan na unguwar Mahjar a Jidda, amma ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata bayan ƙaramar Sallah, da aka kira ni ɗakin ɗanɗano.

Ku sababbi ba ku san tsarin ba tukuna. Kafin kamfani ya yi odar sabon abin sha, masu yin sa sukan aiko da samfuri. Sai mudir, wato manaja, ya zaunar da mutum biyar, a ba kowa ƙaramin kofi, da ruwa da busasshen burodi na wanke baki, da takardar rubuta ra'ayi. Ni ba na cikinsu. Ranar dai mutum ɗaya bai zo ba, sai mudir Abu Faisal, haifaffen unguwar Hindawiyya a nan Jidda, wanda kakansa ya zo hajji daga Kano bai koma ba, ya leƙo sito ya ce, "Yalla Isufu, zo ka cike kujera."

Samfurin abin shan sha'ir ne, irin wanda aka ce babu giya a ciki, daga wani ƙaramin kamfani a Turai. Wai sun ajiye shi wata da watanni a gangar katako don ya ɗauki ƙamshin itacen. Baƙi ne wuluk, mai kauri.

Abu Faisal ya kurɓa, ya ce shi dabino yake ji, wanda ya ɗan ƙone. Wani Bamisire mai kula da talla ya ce a'a, hayaƙi ne da kirfa, suka yi ta musu. Malam Idrisa, dattijon nan ɗan Chadi da ke ja mana sallah a bayan sito, ya shanye nasa ya shafa ƙirji ya ce, "Masha Allah, yana ɗumama mutum har ciki."

Ni tun kofin bai kai bakina ba na gane shi. Na kurɓa don in tabbatar, na riƙe a baki, na tofar a tishu. Shekara bakwai na yi ina zuba wa baƙi giya a wani otel a Yamai, uku daga ciki ni ma ina sha. Na tuba tun kafin in yi aure. A Jidda babu wanda ya sani, har matata.

Na yi niyyar in rubuta "ya cika ɗaci" in tashi abina. Amma na san in kwantena ta iso aka gano abin da ke ciki, rufe kamfani za a yi, iƙamarmu duka, wato takardar zaman ƙasa, ta shiga matsala. Ina cikin wannan tunani sai na ga Malam Idrisa ya miƙa kofi a ƙara masa.

Na ce, "Malam, ajiye. Wannan giya ce, kuma mai ƙarfi."

Abu Faisal ya ɗaga kwalbar ya nuna mini rubutun jikinta. "Ya akhi, ga shi sun rubuta giya sifiri. Kai ka fi takarda sani?"

Na ce, "A wannan dai na fi ta, mudir."

"Ta yaya?"

Sai na faɗa masa zancen otel ɗin Yamai, a gaban kowa. Malam Idrisa ya tashi ya nufi famfo, muna jin yana kuskure baki yana istigfari.

Mudir ya ce shi ke nan, kada wanda ya sake taɓawa. Ya aika kwalba ɗakin gwaji, bayan kwana huɗu sakamako ya gaskata ni. Ashe can wurin masu yi aka liƙa takardar wani abin a jikin wani. Mudir ya kai rahoto, aka soke odar, daga ranar kuma aka sa doka cewa sai an gwada samfuri kafin kowa ya kai baki.

Ya yi mini godiya a ofis, ƙofa a rufe. A waje kuwa, kafin Juma'a labari ya zaga 'yan uwanmu na Mahjar. Matata a bakin maƙwabciya ta ji. Ba ta yi faɗa ba, tambayata kawai ta yi, "Saura me kuma ban sani ba?" Malam Idrisa ya yi mako biyu yana amsa gaisuwata da ka, sannan wata rana bayan la'asar ya riƙe hannuna ya ce Allah ya saka, bai ƙara komai ba. Yaran lodi har yau in na wuce sukan ce ga gwani nan, su yi dariya ƙasa-ƙasa. Na gaji da amsa musu, na daina.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan kada ku yarda da rubutun jikin kwalba sai an gwada. Game da mutane kuwa, za su amfana da abin da ka sani, su kuma riƙe ka da hanyar da ka bi ka san shi. In irin ranar ta zo muku, ku yi magana. Amma ku sani ku kaɗai za ku ɗauki abin da zai biyo baya zuwa gida.