Murhun da Vernie Ta Zaɓa

A kwarin Laurel, can cikin duwatsun Kentucky, da wuya ka sami gidan da ba a taɓa cin waken Vernie Caudill ba. A kwarin aka haife ta, a nan ta yi aure, kuma shekara ashirin da shida ta yi tana dafa wa 'yan firamare abincin rana kafin gwiwoyinta su ce sun gaji. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana sai an taɓo zancen lambu.

Tun tana 'yar shekara tara kakarta ta koya mata cika kwalabe. A yanka ɗanyen wake, a danna shi cikin kwalba mai faɗin baki, a zuba tafasasshen ruwa da gishiri, a rufe, a jera cikin babbar tukunyar tururi mai murfin kulle, sannan a tsaya a kanta kada wuta ta yi sama ko ta yi ƙasa. Daga Yuli zuwa Oktoba aikinta ke nan: wake, tumatir, masara, tuffa, da naman barewa idan mijinta Hobart ya yi sa'ar farauta. Kafin sanyi ya shigo, kantocin ɗakin ƙarƙashin gida sun cika taf.

A shekarar da ta cika sittin da takwas, ana tsakiyar tsinkar wake, tsohon murhunta na lantarki ya yi tartsatsi ya mutu. Dama tuni ƙarafunansa suka lotsa saboda nauyin tukunya. Ta faɗa wa 'yarta Darla a waya, wadda take aikin jinya a birnin Lexington. Bayan kwana uku sai ga mota a ƙofar gida da sabon murhun lantarki da Darla ta saya mata, samansa baƙin gilashi ne sumul, har mutum yana ganin fuskarsa.

"Mama, ina za mu ajiye?" in ji direban.

Vernie ta shafa gilashin da tafin hannu. Ta shiga ciki ta rungumo tukunyarta ta dire a gaban direban.

"Zai ɗauki wannan, cike da ruwa da kwalba bakwai?"

Mutumin ya buɗe ɗan littafin da ya zo da murhun, ya yi ta juya shafi, sannan ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Mama, wannan ƙirar sun ce kada a ɗora. Gilashin zai iya tsagewa."

"In an ɗauke wuta fa?"

"Sai haƙuri."

"To kada ku sauke shi, ku sha wahala sau biyu. Ku shigo ku sha shayi mai sanyi."

Da aka mayar da murhun, Darla ba ta ji daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba a waya. "Mama, ni fa so nake ki huta. Wake ya cika kanti. Wa yake tsayuwa gaban tukunya wata huɗu a zamanin nan?"

"Na gode, 'yar nan, kin kyauta. Amma kina birni lokacin ƙanƙarar nan, ba ki gani ba."

Shekarar da take nufi, ruwan sama ne ya sauko ya daskare a kan wayoyi da bishiyoyi, turakun lantarki suka yi ta karyewa, hanya ta toshe. Kwana goma sha ɗaya kwarin ba wuta. Naman da mutane suka tara a firiza duk ya ruɓe. Kwalaben Vernie ne suka riƙe gida shida, amma ɗumama su ya zama aiki, don a tsakar gida ta riƙa hura itace cikin rabin durom, yatsunta suna ƙagewa. Tun ranar ta ƙudura a ranta cewa murhun da za ta sake saya sai wanda ba ruwansa da waya.

Da ta ambaci gas a wajen cin abinci, Hobart ya ajiye cokali. Tsohon direban motar kwal ne, dogo siriri, mai yawan tari da barkwanci. Amma ƙaninsa Arlis a ramin haƙar kwal ya rasu, ranar da iskar gas ta kama wuta, kuma Hobart yana cikin waɗanda suka tsaya a bakin ramin har aka fito da shi.

"Ba za a shigo mini da gas gida ba," ya ce. "A sa na itace, irin na kakarki."

"Wa zai faskara itacen? Kai da kake hutawa sau biyu kafin ka kai akwatin wasiƙa?"

"Ina tsayawa ne in duba gari."

"Kuma a zafin Agusta in hura itace cikin ɗaki? Sai dai ka tarar da ni na dahu tare da waken."

Bai yi dariya ba, ita ma ba ta ƙara ba. Ta san inda abin yake masa ciwo, shekara arba'in da shida da aure ba wasa ba ne.

Wake kuwa ba ya jiran kowa. Ta roƙi aron kicin ɗin coci, Hobart ya riƙa kai ta da safe, ya ɗaukar mata tukunya da kwanduna, ya zauna a bakin ƙofa yana cire wa wake zare. Sai a rana ta biyu ya lura da shuɗiyar wutar da ke ƙarƙashin tukunyar.

"Wannan gas ne?"

"Shekara talatin kana cin kazar da aka soya a kansa, har da neman ƙari."

Ya tashi ya zagaya bayan ginin. Ta taga ta hango shi tsaye gaban farin tankin da ke can nesa da bango, yana bin bututun da ido, yana durƙusawa yana shinshinawa. Washegari ma ya koma. A rana ta huɗu, suna hanyar gida, ya ce yana kallon titi:

"In za a sa, tankin a bayan rumbu zai zauna. Kuma ni zan haƙa ramin bututun, ba wani yaron kamfani ba."

"To," in ji Vernie.

Ranar Asabar Darla ta zo da kanta, fuska ba yabo ba fallasa, ta ɗauke su zuwa shagon Mista Sizemore mai sayar da gas da murahu a garin da ke kusa. Vernie ta sa aka saka tukunyar a bayan mota.

"Mama, da tukunya za mu shiga shagon mutane?"

"Ke in za ki sayi takalmi, ƙafarki a gida kike barinta?"

Mista Sizemore ya fara nuna mata masu madannai da fitilu, ta wuce su ko waiwaye babu. A can ƙurya akwai wani fari, ba ado, mai kaurin ƙarafuna, an haɗa shi da gas don gwaji. Ta sa aka cika tukunyar da ruwa aka ɗora, ta girgiza ta, ko motsi ba ta yi ba.

"Cire masa wayar lantarkin," ta ce.

Ya cire. Ta ciro ashana daga jaka, ta ƙyasta, ta murɗa makunnin, wuta ta tashi. Ta rage ta har ta zama kamar zare, ta tsaya tana kallo ko za ta mutu. Ba ta mutu ba.

"Sai dai in gaya miki gaskiya, Mama," in ji shi, "tandar ƙasan ba ta aiki in ba lantarki."

"Burodin masara a kasko ma yana gasuwa. Na gode da ka faɗa."

Darla ta zagaya murhun tana yatsina fuska. "Mummuna ne, Mama."

"Babanki ma ba don kyau na zaɓe shi ba."

"Ina jin ku," in ji Hobart daga bakin ƙofa. A nan Darla ta fashe da dariya, fushin ya wuce.

Kwana biyar Hobart ya yi yana haƙa ramin, yana yi yana hutawa, bai yarda kowa ya karɓi shebur ba. Da masu haɗawa suka gama, ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a kowace mahaɗa yana neman kumfa. Har yau duk Asabar sai ya yi, kuma Vernie ba ta taɓa yi masa tsiya a kai ba. Darla ta liƙa wata 'yar na'ura a bango mai ƙara idan gas ya tsiyaya.

A sanyin shekarar sau uku aka ɗauke wuta. Na ƙarshen ya kai kwana biyu, maƙwabta suka riƙa zuwa da tukwanensu suna jiran layi, ana shan kofi ana gulmar waɗanda ba su zo ba. Vernie tana zaune a kujera da safa ninki biyu a ƙafa, tana faɗa wa kowa kan murhun da zai ɗora tukunyarsa.

Yanzu ta kai saba'in da biyu. Ta rage lambun da kusan rabi, ta daina masara saboda bayanta. A Agustan bara Darla ta ɗauki hutun mako guda ta zo, ta ce a koya mata tumatir kawai, ban da wake. Ta ƙona yatsa, ta zubar da gishiri, ta yi ta mita. Da suka fito da kwalaben suka jera a kan tawul, Vernie ta ce ta zauna ta yi shiru. Can sai murfi ɗaya ya ce ƙas, alamar ya kama. Wani ya biyo baya. Biyar suka kama, biyu suka ƙi.

"Waɗannan fa?" in ji Darla.

"Miyar yau ke nan. Kira babanki ya ciro mana albasa."