Ƙetare, Wasan Yayata

Yayata a shagon tabarau take aiki. Ita ce a ɗan ɗakin baya inda injin yankan gilashi ke kuka, tana daidaita gilashi da firam, tana ɗaure 'yan kusoshin da ni sai na ƙanƙance ido nake ganinsu. A gida kuwa Alƙaliya muke ce mata. Tun muna yara ta samu sunan, don ba a taɓa gama wasa da ita lafiya ba. Sai wasa ya yi daɗi ta ɗaga hannu ta ce dokar nan babu adalci, a tsaya a gyara. Kafin ta gama gyaran kowa ya watse.

Ta yi aure, ta haihu, halin bai bar ta ba. Wata rana wani ya zo gyaran tabarau, yana jira yana karanta wani siririn littafi mai zanen jirgin ƙasa. Ta tambaye shi labarin mene ne, ya ce ba labari ba ne, dokokin wasa ne. Mutane za su zauna a tebur, kowa ya ɗauki wani mutum ya zama shi, su ƙirƙiri labari tare, dokokin su faɗi wanda zai yi magana da abin da zai same shi. Ranar da kyar ta gama aiki. Ta shafe watanni tana karanta irin waɗannan wasanni a waya, sannan ta ce ita ma za ta yi nata.

Ta sa masa suna Ƙetare. Fasinjoji ne a jirgin ruwa, inji ya mutu a tsakiyar kogi, ba a hango gaɓa. Kowa zai faɗi ko shi wane ne, da abin da ya baro, da wanda ke jiransa a can. Akwai jaka mai tsakuwa farare da baƙaƙe. In ka zaro fara, ka yi wa wani fasinja tambaya, dole ya amsa. In ka zaro baƙa, ruwa ya shigo, sai ka jefar da wani abu daga kayanka ka faɗi abin da yake a wurinka. Akwai kuma katunan da ake raba wa fasinjoji, da kwalin gilasan shagonsu ta yanka su.

Mu ne muka fara shan wahalarsa, ranar hutu da yamma, a teburin falonta: ni ƙanwarta, da mijinta, da Kawu, wanda ya yi shekaru yana kanikanci kafin gwiwa ta zaunar da shi.

Ta rage murya ta fara: “Inji ya yi tari, ya yi shiru. Ba ku jin komai sai ruwa yana dukan jikin jirgi.”

Kawu ya gyara zama. “Wane irin inji ne? Na dizal?”

“Kawu, ba ruwanmu da irinsa. Ya mutu.”

“Ɗiyata, inji ba ya mutuwa haka kawai. Na buɗe shi. Me na gani?”

“Ba ka ga komai ba. Duhu ne.”

“To na kunna tocila.”

Ta ce babu tocila. Ya ce shi ba ya tafiya babu tocila, kowa ya sani. Ni kuma na zaro baƙar tsakuwa, aka ce in jefar da abu mai daraja, na ce na jefar da surukata. Mijinta ya yi dariya har da buga tebur. Da aka tashi ya tambaye ta, da zuciya ɗaya, “To wai wa ya ci?”

“Ba a ci.”

“Canjaras ke nan?”

Ta tattara katunanta, ta shiga kicin, muna jin tukwane suna amsa laifin da ba nasu ba.

Mako na gaba ta cire injin, ta mai da shi jirgi mai tafiya da iska, ta ce yadin da ke kama iskar ya yage. Kawu ya nemi allura da zare. Ta mai da shi kwale-kwale, ta ce sandar tuƙi ta faɗa ruwa. Kawu ya ɓalle katakon kujera ya ce ga wata. Har doka ta rubuta dominsa, cewa babu fasinjan da ya iya gyara komai. Ya karanta, ya ajiye, ya ce to shi zai yi iyo.

“Auta,” ta ce mini ranar, muna wanke kofuna, “abin da nake so bai taka kara ya karya ba. Mutane su zauna su saurari juna na ɗan lokaci. Wannan ma ya gagara?”

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin ne ya kai ta gyara na goma sha wani abu.

Ta tura dokokin a wani zaure na intanet inda masu irin wannan aiki ke haɗuwa. Aka yi ta yabo: tunani mai kyau, sunan ya yi daɗi. Da ta tambaya ko wa ya buga wasan, sai shiru.

Sai ta ji labarin wani kantin littattafai da ke ba masu wasanni ɗakin bayansa duk ƙarshen wata. Na raka ta. Ɗakin ƙarami ne, fanka na juyawa da kyar, kwalaye jibge a kusurwa. Mutum uku suka yarda su zauna da mu: wani dogo mai aikin banki, wata ɗaliba, da wata mata mai kayan ma'aikatan jinya da alama daga aiki take. Yaya ta raba kati.

Babu wanda ya tambayi irin injin. Ma'aikaciyar jinyar ta ce ita tsohuwa ce, za ta je ganin ɗanta da suka daɗe ba sa magana. Da ta zaro baƙa, ta daɗe tana juya tsakuwar a tafinta, sannan ta ce ta jefar da 'yar rigar da ta saƙa wa jikan da ba ta taɓa gani ba, don dama ba ta san ko za ta yi masa daidai ba. Dogon ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ni da na zo da niyyar dariya, na rasa inda zan sa idona. A hanyar gida sai murmushi Yaya take yi wa tagar mota.

Da wata ya zagayo muka koma, muka tarar an cika ɗakin da kwalayen littattafan makaranta har rufi. Mai kantin ya ce wuri ya yi masa kaɗan, taron ya tashi. Yaya ba ta karɓi lambar kowa ba, ta ɗauka za ta sake ganinsu. Ta tsaya a bakin kantin tana tsaki, da kanta take faɗa.

Duk da haka ta kai wasan wurin mai buga takardu, aka yi mata 'yan kwafi. Ta ajiye wasu a kan kantar shagon tabarau. Masu zuwa sukan ɗauka su gwada sabon gilashinsu da ƙananan rubutun, su ce yanzu kam suna gani tar, su mayar. Kaɗan ne suka tafi da shi.

Bayan watanni saƙo ya shigo wayarta daga wani da ba ta sani ba. Ya ce shi da abokansa sun buga Ƙetare, ya shiga ransu sosai, amma suna da tambaya: yaya ake gamawa? Sun zare tsakuwa har jaka ta ƙare, jirgi yana nan a tsakiyar ruwa.

Ta ɗauko kwafi ta buɗe. Shafin ƙarshe, inda aka faɗi yadda jirgi ke isa gaɓa da abin da kowa zai ce kafin ya sauka, babu shi. Mai bugawa ya ce abin da aka ba shi ya buga. Ta duba wayarta, ta ga gaskiyarsa: tsohon gyara ta tura masa.

Ta kira ni. Na same ta a teburin falo, kwafin sun yi tsibi a gabanta, tana rubuta dokar da biro a bayan bangon kowanne. Na ja kujera na ɗauki ɗaya na fara taya ta. Ta leƙo, ta dubi rubutuna, ta janye shi daga hannuna.

“Wa zai iya karanta wannan? Je ki ɗora mana shayi.”

Ina kicin ina jin ta tana yi wa mutumin saƙon murya, tana ba shi haƙuri, tana bayanin yadda ake sauka daga jirgi. Can ta tsaya, ta goge, ta sake daga farko, wai ta tuno wata doka da ya kamata a gyara.