Inda Na Sauke Dutsen Niƙa

Shekarar da Turawa ke haɗa nasu-ya-nasu, maigidana Malam ya wayi gari ya ce Rano ta lalace. Wai kowa siyasa, kowa gulma, ba mai tuna kabari. Zai nemi inda mutanen Allah suka ware kansu, mu zauna cikinsu har mutuwa. Ni dai ba wanda ya tambaye ni. Na ɗora dutsen niƙana a kan jaki, na ƙulle irin geronmu a zane, muka kama hanya.

Wajen Saji muka fara sauka, gun wasu masu zikiri tare, noma tare, rumbu ɗaya. Har na fara neman inda zan kafa murhu. Da magariba Malam ya ga suna ɗora hannu a ƙirji in suna salla, ya ce mu tashi. Na gaba, can bayan Kibiya, hannunsu a sake yake, amma limaminsu na cin taba. Na ukun ba su da aibi ko na magani, shi ne kuma ya tsorata shi, wai ruwa ba ya tsami banza, shirunsu ya yi yawa.

Duk wannan yawo da bazara ne. Guzuri ya ƙare, na fara ɗibar iri ina dama mana kunu. Duk ɗiba sai in tuna wanda ya cinye iri ya cinye baɗi.

Ruwan shuka ya same mu a gindin wata tsamiya kusa da Rurum. Na kwance igiya, dutsen ya faɗi tim.

"Malam, je ka nemo su, in ka same su ka gaishe su. Ni da jaki mun iso."

Ya kira ni mai son duniya, ya wuce. Dagaci ya ba ni aron saura, wata gona da aka daina nomawa, na shuka ɗan abin da ya rage. Ban gama noman fari ba sai ga Malam, ƙafa duk faso, yana tambaya ko da sauran tuwo.

A hankali mutane suka kafa bukkoki kusa da mu, Malam ke jan salla. Rannan wani baƙo ya zo da matarsa, wai mutanen Allah yake nema. Ya kwana, ya ce Malam na saurin ruku'u, ya kama hanya. Abin ya yi wa Malam ciwo har ya kasa cin tuwo.

Ni kuwa matar na bi da gudu, na juye mata iri a zane, na ce kada ta bari mijinta ya sani.