Yadda Na Ɓoye wa Farfesa Sauro

Wawan wannan labari ni ne, gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni. Kuma ba wautar ƙuruciya ba ce. Da furfurata na yi ta, da aji huɗu na firamare a cikin kaina, wanda a unguwarmu ya isa a riƙa aiko mini duk takardar da aka ga hatimi a jikinta.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ajingi, ta ɓangaren da ya fi kusa da Gaya. Sauro kuwa, alhamdu lillahi, ba mu taɓa zuwa aro ba. Kududdufin da muka haƙa muka yi tubalin gidajenmu, shi ne asibitin haihuwarsa.

Farfesar da nake magana 'yar Gaya ce. Ni da mahaifinta, Allah ya ji ƙansa, tare muka yi shekaru muna sayen gyaɗa, don haka na san ta tun tana rarrafe. 'Ya'yan mutane suna tafiya jami'a su karanta likita ko lauya, ita sai ta karanta sauro. Na yi dariya a lokacin har na ƙware. Daga baya na fara jin muryarta a rediyo. Malamin asibitin Ajingi, wanda muke shan shayi rumfa ɗaya ranar kasuwa, ya ce mini rubuce-rubucenta har ƙasashen waje ake karantawa. Ya ce ita ta nuna cewa sauron wasu yankuna ya daina jin maganin da ke jikin gidan sauro, ya mai da shi kamar turare, har aka fara sauya irin wanda ake rabawa. Na ce, to, ashe sauro ma yana kai mutum Turai.

Da damina ta faɗi, gero bai kai gwiwa ba, sai ga ta da mota da ma'aikata biyu. Mai unguwa ya tara mu a zaurensa. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ce gidaje shida take so, gobe bayan sallar asuba za su shiga ɗakunan kwana su kama sauro su ƙirga. Gidana na ciki.

Ta ce, "Baba, roƙona ɗaya ne. Kada a kunna komai, kada a fesa komai, kada a buɗe taga. A kwana yadda aka saba kwana."

Na ce, "Ranki ya daɗe, an gama." Na ƙara da kalmar Turanci ɗaya don ma'aikatanta su san da wa suke magana.

Amma a hanyar gida wani abu ya taso mini. 'Yan yanzu ba su san duba-gari ba. Ina yaro, mutum ne da gajeren wando da ludayi, ya shigo gida ba sallama mai kyau, ya zura ludayin a randa. In ya ga tsutsa guda tana wutsil-wutsil, shi ke nan. An taɓa tasa ƙeyar mahaifina zuwa gaban hakimi a kan randar mahaifiyata, ya dawo ya yi kwana uku bai zauna a ƙofar gida ba. To yanzu ga duba-gari mai digiri, wadda ba hakimi za ta kai wa ƙara ba, duniya za ta rubuta wa. Na hango wani Bature da tabarau yana karantawa: ɗakin wane, ɗan wane, sauro kaza. Kuma ko ba don wannan ba, a ina aka taɓa jin baƙuwa za ta shiga ɗakin mutum ba a gyara ba?

Bayan la'asar na bi gidajen biyar ɗaya bayan ɗaya. Na ce musu maganar da ta yi ta kunya ce irin ta 'yan boko, ni da na yi makaranta na gane abin da ke ƙarƙashinta. Suka yarda, domin ni ne mai karanta musu takarda. Na sayo fiya-fiya, maganin nan mai warin da ke sa akuya tari, na raba. Muka fesa ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, muka yi hayaƙi da ɓawon lemo, muka kakkaɓe har yanar gizo-gizo.

Tsohuwata, uwar 'ya'yana, tana tsaye da muciya a hannu ta ce, "Malam, yarinyar nan fa cewa ta yi kada a taɓa."

Na ce, "Ke aji nawa kika yi?"

Ta ce, "Ban yi ko ɗaya ba, shi ya sa abin da aka faɗa nake ji."

Da safe suka zo. Suka fito da kwanuka da duk abin ci, suka shimfiɗa fararen ƙyallaye daga bango zuwa bango, har kan gado. Ban so ganin farin nan ba, ya yi mini kama da abin da ake naɗe mutum da shi, amma na dake. Suka fesa nasu maganin, suka rufe ƙofa, aka jira. Da aka buɗe, farfesa da kanta ta durƙusa da matsefata tana bin ƙyallen. Ɗakin da kan hana ni barci da kiɗa, ta tsinci sauro biyu, ɗaya ma da alama tsufa ne ya kashe shi. Ta ɗago ta dube ni, ta shaƙi iska, ta ce, "Baba, haka aka saba kwana?"

Na ce, "Mu nan tsafta gado ce."

Ta rubuta. Haka aka yi a sauran gidajen. Da motarsu ta tashi har shafa gemu na yi.

Gero ya fitar da kai lokacin da malamin asibiti ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ku kam kun huta. An ce unguwarku ce mafi ƙarancin sauro a duk inda ta zaga."

Na ce, "Ai aiki ne."

Ya ce, "To sai dai ku yi haƙuri da layi. Sabon gidan sauron nan mai ƙarfi, da feshin ɗakuna, in sun zo ba za su ishi kowa a tashi ɗaya ba. Abin da ta rubuta ake dubawa a ga inda za a fara. Ku masu tsafta sai ƙarshe, in ya rage."

Na ture kofin shayina gefe. Na tambaye shi ko ana iya goge abin da aka riga aka rubuta. Ya yi dariya ya ce wannan ba allo ba ne.

Daga ranar tsoro ya shige ni, irin wanda ba ya bari ka ƙoshi. Na je sayen gishiri, na koma gida da hannu wofi. Sai zazzaɓi ya sauka unguwa kamar yadda yake sauka kowace shekara, amma bana kowane yaro da na ga an goya an lulluɓe da zane da rana tsaka, sai in ji kamar ni na kwantar da shi. A ɗaya daga cikin gidaje biyar ɗin aka yi rashi, yarinya 'yar shekara uku, kwana biyu kacal ta yi. Na sani ko da ban yi abin da na yi ba, sabon gidan sauron bai iso ba tukuna, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga. Amma a wurin zaman makoki uban ya ɗago ido ya dube ni, ni kuma na kasa kai addu'ata ƙarshe. Idan damina mai zuwa aka tsallake mu fa? Idan ya buɗe baki a gaban jama'a fa? Na riƙa sallah a sahun baya kusa da ƙofa, ni da nake rigima a kan bayan liman.

Tsohuwata ta ce in je in faɗa. Na ce gobe. Goben ta yi ta haihuwa.

Akwai jikata da muke riƙo, 'yar ɗiyata, shekararta huɗu, a ɗakinmu take kwana. Ita ce mai kirana mijinta tana ƙwace mini goro. Wata Talata da hantsi jikinta ya yi zafi, muka ba ta maganin da ke gida. Kafin azahar ina gyaran fartanya na ji ihun kakarta. Na tarar da yarinya ta sandare, ido ya juye sai fari, haƙora sun datse, hannu da ƙafa suna fizga. Na sha ganin jijjiga a 'ya'yan wasu, ina ba da shawara daga tsaye. Ranar ko sunanta na kasa kira.

Maƙwabci ya tayar da babur. Na rungume ta a tsakiya muka kama hanyar Gaya. Ruwa ya cinye hanya, sau biyu muna sauka ina ratsa taɓo da ita a kafaɗa, takalmina ɗaya ya zauna can. Duk ramin da muka faɗa sai in kai kunnena bakinta in ji ko tana numfashi. Zafin jikinta ya ratsa rigata har ƙirjina. Ban roƙi Allah da wata doguwar addu'a ba, cewa kawai nake yi, ni ne, ba ita ba ce.

A asibiti suka karɓe ta, suka soki yatsa, suka ce maleriya ce ta yi tsanani, jininta ya yi ƙasa. Aka sa mata ruwa, aka yi allura, aka nemi jini, kawunta ya bayar. Kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. A rana ta uku ta buɗe ido ta ce tana son ƙosai. Na fita baranda na zauna a ƙasa.

Ina nan zaune sai ga farfesa ta fito daga wani ofis da manyan littattafai a hannu. Ashe tana zuwa duba yawan yaran da ake kawowa daga kowace unguwa. Ta gan ni da takalmi ɗaya, don har ranar ban nemi wani ba.

"Baba! Lafiya?"

Na so in fara da gaisuwa mai tsawo, bakina ya riga ni. Na faɗa mata duka, fiya-fiya, ɓawon lemo, gidaje biyar, duba-gari, har jikata da ke kwance a ciki. Ban saka Turanci ko ɗaya ba.

Ta ajiye littattafan. Sannan ta ce, "Na ji warin tun daga ƙofa. Ɗakuna shida babu ko gizo-gizo. Amma na tambaye ka, ka amsa, ni kuma ba na rubuta zato, abin da na tsinta nake rubutawa. Sai da na buɗe littattafan nan na ga yaran unguwarku sun cika shafi, na rasa yadda zan haɗa biyun. Wata biyu ina neman inda na yi kuskure, Baba. Har ma'aikatana na tuhuma."

Na ce, "Yanzu an tsallake mu ke nan?"

Ta ce, "Ban miƙa ba tukuna, saura kaɗan. Zan cire naku, in dawo in sake kafin ruwa ya ɗauke. In ya ɗauke, sai baɗi."

Wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya. Kuma kun san halina, da na ji sanyi sai hikima ta motsa. Na gyara hula na ce, "Ranki ya daɗe, ki bar mini wannan. Ni na ɓata, ni zan gyara. Zan sa kowane gida a jera ƙwarya da ruwa a bayan ƙofa, a bar taga a buɗe tun la'asar, a naɗe gidan sauro kwana bakwai. Wallahi in kin zo sai kin nemi buhu."

Ta dube ni daga hula har ƙafar da ba takalmi, ta nuna da baki ƙofar ɗakin da jikata ke kwance.

"A naɗe gidan sauro kwana bakwai? To wa za ka kwantar a ɗakin ya zama abincinsu, Baba, kai ko ita?"